Allon da Ruwa Ya Wanke

Dab da magariba na fita ɗauko Yaya daga filin jirgi. Hadari ya haɗo, iska tana ta wasa da ledoji a bakin titi. Kafin in tayar da mota sai da na leƙa ɗakin Inna, domin aiken nata ne.

Tana kwance inda ta shafe watanni, fuskarta na kallon ƙofa. Ɗakin yana warin man zafi da maganin asibiti. Maiɗakina tana bakin gado tana jiƙa mata leɓe da auduga. Tun da safe likita ya ja ni gefe, ya ce duk wanda ya kamata ya ganta a kira shi yau, kada a bari sai gobe.

"Auta," in ji Inna, da kyar nake jin muryarta. "Jirgin ya taso?"

Na durƙusa na nuna mata waya. Akwai manhajar da nake bin jirage da ita, tana nuna ɗan jirgi yana rarrafe a kan taswira daga birnin da Yaya yake zuwa namu. Inna ba ta iya karatu ba, amma ta san ɗan jirgin nan kamar jikanta. Ta ɗora yatsa a kansa.

"Yana ciki?"

"Ya ce yana ciki, Inna."

"To maza. Kada ka dawo mini kai kaɗai."

Mu biyu ta haifa. Yaya ya yi karatu ya samu babban aiki a can, ni na zauna. Ni ke juya ta a gado, ni ke ɗaukarta zuwa banɗaki, ni ke bin layin karɓar magani. Amma in ta buɗe ido da asuba, Yaya take tambaya. In ya kira ta sau ɗaya a wata, sai ta yi mako tana ba masu zuwa dubiya labari. Ni kuwa in na makara da ruwan wanka, ranar na shiga uku. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ban taɓa faɗin haka a gabanta ba, amma abin yana ci mini rai, kuma ba zan ɓoye ba.

Motar ma ta Yaya ce. Ya saya ya ajiye a gida saboda in ya zo, sauran ranaku ina haya da ita tsakanin gari da filin jirgi. Farkon zuwansa da abokan aiki ya ba ni farin allon roba da alƙalamin maka mai goguwa, ya ce in rubuta sunansa da muƙaminsa in ɗaga a ƙofar fitowa. Na ce, "Yaya, ni zan kasa gane ka?" Ya ce haka ake yi. Da suka fito ya miƙo mini jaka ba tare da ya dube ni ba, ya ce da su, "Direbana ne." Ya shige kujerar baya. Tun daga ranar bai taɓa zama a gaba ba, ni kuma ban taɓa zuwa babu allo ba. Sabo turken wawa.

Ban san iyakar zuwan da na yi na dawo da mota wayam ba. Manhajar ba ta ƙarya, tana gaya maka jirgi ya tashi, tana gaya maka ya sauka. Abin da ba ta gaya maka shi ne wanda yake ciki.

Na yi salla a ɗan masallacin wurin ajiye motoci, na koma mota na rubuta sunan Yaya a allo, manyan baƙaƙe yadda yake so. Ina rufe alƙalamin waya ta yi ƙara: jirgi ya sauka. A daidai lokacin sama ta ɓalle.

Ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. Ba ni da lema. Na ɗora allon a kaina na ruga zuwa rumfar da direbobi ke tsayawa.

Abokan jira sun cika wurin, kowa da allonsa a ƙirji. Can ƙarshen layi na hango Sarkin Jira. Tsoho ne, ya fi kowa daɗewa a wannan ƙofa, shi ya sa muka naɗa shi. Lokacin da nake sabon shiga ya taɓa ganina ina fifita da allo babu rubutu, ya fizge shi daga hannuna ya kife.

"Yaro, allo kira ne," ya ce. "In da suna, mai suna ka kira. In babu suna, kowa ka kira. Wurin nan kuwa akwai masu sauka kullum, ba a taɓa zuwa tarbar su ba."

Na ce, "Baba, su ma da tikiti suke hawa?"

Direbobi suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba.

Ƙofar gilashi ta buɗe, fasinjoji suka fara fitowa. Na ɗaga allona sama da kai. Ƙarar tayoyin akwatuna, kukan jariri, wata mata tana faɗa a waya. Ɗaya bayan ɗaya direbobi suka samu nasu suka wuce. Ina duba fuska bayan fuska. Babu Yaya.

Na kira lambarsa, tana shiga ba a ɗauka. Na ce wataƙila yana jiran kaya.

Sarkin Jira ya samu fasinjansa. Yana tura keken kaya ya waiwayo, ya tsaya cak. Ya ɗago hannu yana yi mini alama, yana juya tafinsa ƙasa, yana faɗin wani abu. Rugugin ruwa a kan kwanon rumfa ya cinye maganar. Na ɗauka sallama yake yi mini, na ɗaga masa hannu. Fasinjansa ya daka masa tsawa, ya tafi yana waiwaye.

Mutane suka ƙare. Ma'aikatan jirgin ma suka fito da 'yan jakunkunansu suka wuce. Mai shara ya fara jan tsumma a cikin zauren. Hannuwana sun gaji, amma ban sauke allon ba. Sauke shi yana nufin in koma in tsaya a gaban matar nan in ce mata yau ma jiran gawon shanu ta yi. Na ce a raina, ko wa zai fito ya fito, ni dai ba zan koma ni kaɗai ba.

Fitilar da ke saman ƙofa ta yi ƙyaf-ƙyaf.

Ƙofar ta buɗe, ba kowa a gabanta. Ta daɗe a buɗe. Wani sanyi ya fito ya bugi ƙafafuna.

Sai ga Yaya.

Tafiyarsa ce, tsayinsa ne, har da ɗan karkata kafaɗar da yake yi. Ba jaka, ba waya a kunne. Ya nufo ni kai tsaye, ya dube ni cikin ido, ya yi murmushi.

"Ƙanena," ya ce a hankali. "Ka sha jira."

Rabon da ya kira ni haka tun muna kwana ɗaki ɗaya.

"Kaya fa, Yaya?"

"Ban zo da komai ba. Mu tafi."

Muka ratsa ruwa zuwa mota. Na buɗe masa ƙofar baya kamar kullum. Ya zagaya ya buɗe ta gaba ya zauna. Na jefa allon a kujerar baya ban ko kalle shi ba, na tayar.

Hanyar filin jirgi doguwa ce, babu gidaje, sai fili da dogayen fitilu, rabinsu a mace. Waifa tana kai da komo. Na maƙala waya a mazauninta kusa da sitiyari. Ɗan jirgin yana zaune a kan garinmu, aikinsa ya ƙare.

"Ka rame," ya ce.

"Jinya ce, Yaya."

"Na sani. Kai kaɗai ka ɗauki kayan nan. Juyawa, wanki, tsayuwar dare. Ba wanda ya taɓa ce maka sannu." Ya juyo ya dube ni. "Sannu da ƙoƙari, ƙanena. Allah ya biya ka."

Wallahi sai da na rage gudu, saboda hawaye sun rufe mini hanya. Ƙato da ni, mai mata da 'ya'ya, ina kuka a kan sitiyari. Shekara da shekaru nake tara maganganun da zan watsa masa in rana ta zo, kalma biyu suka narkar da su. Na ce ashe ciwon Inna ya taɓa zuciyarsa. Na ce ashe jini ba ya ƙarya.

Bakina ya buɗe. Na ba shi labarin komai. Ya yi ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ni kuma ina ta zuba.

"Har yanzu gidan nan ne?"

"Shi ne mana. Bayan gidan mai, layi na biyu. Ƙofar dai muka sake wa fenti, yanzu shuɗiya ce."

"Wane ɗaki take?"

"Mun dawo da ita na kusa da ƙofa, saboda ɗauka."

"Tana nemana?"

"Ba ta da magana sai taka."

"In na je, in shiga?"

Na yi dariya ina share ido. "Wace irin tambaya ce wannan? Gidanku ne. Ko ba na nan ka shiga kanka tsaye."

"Na gode," ya ce. Ya ja kalmar a hankali, kamar mai lasar zuma.

Nan ne na fara jin warin.

Yaya mutum ne mai turare. In ya shiga motar nan sai ta kwana biyu tana ƙamshi. Wannan kuwa warin rufaffen ɗaki ne, ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, da sanyin ƙasa a ciki.

Na saci kallonsa. Mun ratsa ruwa tare. Rigata ta manne a jikina, ruwa yana ɗiga daga gemuna. Tasa a bushe take ƙayau.

Na mayar da ido kan hanya.

Sai na tuna da ƙarar bel ɗin kujera. Motar nan ba ta da kunya. Ko buhu na ɗora a kujerar gaba sai ta yi ta tsiwa har a ɗaura masa bel, maiɗakina kullum sai sun yi faɗa da ita. Shi bai ɗaura ba. Tun daga filin jirgi motar ba ta ce uffan ba.

A wurinta kujerar babu kowa.

Na ɗaga ido na dubi madubi. Fitilar titi ta haska kujerar baya. Allon yana jingine, fuskarsa na kallona. Fari fat. Ruwa ya wanke shi tun lokacin da na ɗora shi a kaina, sai ɗan baƙin zane da ya gangara gefe.

Tafin hannun Sarkin Jira ya dawo mini. Kife shi, yake cewa. Kife shi.

Waya ta yi ƙara.

Sunan Yaya ne a kan gilashin.

Ta yi ta ruri. Hannuna ya ƙi barin sitiyari.

"Ɗauka mana," in ji na kusa da ni.

Ban taɓa ta ba. Ita ta ɗauki kanta.

Hayaniya ta cika motar. Ƙarar cokula, kiɗa, dariyar mutane. Sai muryar Yaya, da ƙarfi, cikin gaggawa, irin wadda na sani.

"Kai, na ga kiranka. Ban samu tasowa ba, wasu baƙi suka riƙe ni. Ka ce wa Inna sai mako mai zuwa. Kana ji na? Kuma ka kula mini da mota a ruwan nan."

Ya kashe.

Waifa tana kai da komo.

"Ka ji," in ji abin, cikin raɗa. "Shi ba zai zo ba. Ni na zo."

Na buɗe baki in yi addu'a. Harshena ya yi nauyi, ya kwanta.

"Kai ka kira ni. Ka daɗe kana kira."

Ban dube shi ba. Ta gefen ido na ga murmushin yana nan inda yake tun filin jirgi. Bai ƙaru ba, bai ragu ba. Idon ba ya ƙiftawa. Ƙirjin ba ya motsi.

Gabanmu hanya ta rabu. Dama gida, hagu bayan gari. Na tuna Inna da fuskarta a ƙofa. Na tuna yarana suna kwance a ɗakin da ke kusa da nata.

Na karya hagu.

"Ba nan ba ce hanya, ƙanena."

Na taka mai.

Hannu ya sauka a kan wuyan hannuna. Sanyinsa ya ratsa har ƙashi. Yatsun sun yi tsawo, sun zagaye hannuna sun haɗe da sitiyari. A hankali, ba tare da wani ƙoƙari ba, ya fara juya motar.

Na ja. Ko gezau.

"Tana jira," ya ce. Yanzu muryar ba daga bakinsa take fitowa ba. Daga bayan kunnena take.

Ban san inda na samo ta ba. Wata ƙara ta fashe daga ƙirjina, sunan Allah a cikinta. Na danna burki da ƙafa biyu.

Motar ta juya a kan ruwa. Fitilu suka zagaya. Ƙarfe ya daki ƙarfe.

Duhu.

Ruwa ne ya farkar da ni, yana shigowa ta ƙasa, ya kai gwiwa. Motar ta faɗa babban kwalbati da hanci. Ƙofata ta ƙi buɗuwa. Na fita ta tagar da ta fashe, gilashi yana yankar cikina, na rarrafa cikin laka har bakin titi.

Na waiwaya. Fitilar cikin motar tana ci.

Kujerar gaba babu kowa. Allon ne a zaune a kanta.

Na yi hamdala da bakin da ke zubar da jini. Na ce na tsira. Na ce na kai shi nesa da gida.

Sai na ji wayata tana ƙara a hannuna. Ban san lokacin da na cizgo ta ba. Maiɗakina ce.

"Baban yara, ina ka tsaya ne?" Muryarta cike da murna. "Yaya ya iso tun ɗazu. Ya ce mota ta ba ka matsala, ya yi gaba. Yana ɗakin Inna."

Ko ba na nan ka shiga kanka tsaye. Ni na faɗa, da bakina.

"Kwashe yara ki fita," na ce.

"Me ka ce? Ba na jin ka, ruwa..."

Wayar ta mutu.

Na yi gudu. Takalmi ɗaya ya tsaya a laka na bar shi. Wani mai babur da ya fake a ƙarƙashin gada ya ga jini a jikina, bai tambaye ni komai ba, ya ce in hau.

Shuɗiyar ƙofar tana buɗe. Na faɗa ciki. Maiɗakina ta fito daga kicin da kofin shayi a faranti, ta gan ni, farantin ya kusa suɓucewa.

"Innalillahi! Me ya same ka?"

"Yana ina?"

"Yanzun nan ya fita, ya ce zai dubo ka. Ba ku haɗu a ƙofa ba?"

"Yara fa?"

"Suna barci. Wai mene ne?"

Na leƙa su. Suna numfashi. Na tura ƙofar Inna.

Warin rufaffen ɗakin nan ya danne na man zafi. Kujerar da ke bakin gado an jawo ta kusa. Ƙasa a bushe, babu sawun kowa sai nawa.

Inna tana kallon rufi, fuskarta a sake. Rabon da in ga haske irin wannan a fuskarta tun kafin ta kwanta. Ta yi ƙuruciya.

"Yayanka ya zo," ta ce.

Na durƙusa na kama hannunta na dama. Sanyi ƙalau, daga yatsu har wuyan hannu. Na hagun da ɗuminsa.

"Ya zauna nan. Ya riƙe hannuna. Ya ce in yafe masa daɗewar da ya yi." Hawaye ya gangara zuwa kunnenta. "Na ce me ka yi mini, ɗan albarka? Na sa masa albarka, na sa masa, har sai da bakina ya gaji. Duk wadda nake da ita na ba shi."

Ta juyo da ido ta dube ni. Laka, jini, ƙafa ɗaya babu takalmi. Fuskar ta ɗaure.

"Kai kuma ka bar shi ya tako a ƙasa cikin ruwan nan. Aike ɗaya na yi maka, Auta. Kullum kai ke nan."

Maganar tana bakina. Inna, ba shi ba ne. Ɗanki yana can yana cin abinci da baƙi, ya ce sai mako mai zuwa. Wayar tana aljihuna, da ta kama da na nuna mata lokacin da ya kira. Da na faɗa, da ta san wanda ya tsaya mata. Da kuma ta tafi da sanin cewa ɗan da ta jira bai zo ba, albarkarta kuma ta bi abin da ba shi da suna.

Na dubi hasken da ya rage a fuskarta.

"Ki yi haƙuri, Inna," na ce. "Laifina ne."

"Hm," ta ce, ta mayar da fuska wajen ƙofa.

Ita ce maganarmu ta ƙarshe. Kafin asuba ta cika.

Yaya ya zo a jirgin rana, bayan mun dawo daga maƙabarta. Na ari motar maƙwabci na je ɗauko shi. Na rubuta sunansa a bayan kwali, na bi kowane baƙi sau biyu. Ya fito da jaka da ƙamshin turare, ya miƙo mini jakar, ya shige baya. Har muka iso gida maganar mota yake yi, yadda aka yi na jefa ta kwalbati da wanda zai gyara.

A tsakar gida, gaban masu gaisuwa, maiɗakina ta durƙusa ta yi masa ta'aziyya.

"Allah ya saka maka, Yaya," ta ce tana kuka. "Zuwan nan naka na jiya cikin ruwa, shi ya sa ta tafi da farin ciki. Ashe komawa ka yi a daren?"

Mutane suka ɗauka. Kai, ɗa na gari. Ya bar aikinsa ya zo ya nemi gafara. Allah ya ba mu masu yi mana haka.

Yaya ya dube ni. Na ga tambayar a idonsa, na ga kuma lokacin da ya yanke shawarar ba ya bukatar amsa. Ya sunkuyar da kai ya share ido.

"Uwa ai ba wasa ba ce," ya ce.

Har yau bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Maiɗakina kaɗai na gaya wa daga baya. Ta sa aka yi saukar Alƙur'ani a gidan, ta rufe ɗakin Inna, ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Da na koma filin jirgi, Sarkin Jira ya kama hannuna ya juya shi. Shatin yatsu yana nan a wuyan hannun, ya zagaye shi, wurin ba ya jin zafi ba ya jin sanyi.

"Na yi maka alama," ya ce.

"Na gani, Baba."

"Ka kai shi?"

"Ya kai kansa."

Ya saki hannun, ya dubi ƙofar gilashin. "Ba su da mugunta irin tamu," ya ce. "Abin da mutum ya rasa suke zuwa da shi. Shi ya sa ba a tsira daga gare su."

An gyara motar, Yaya ya sa aka kai masa ita can. Yanzu ta wani nake ja. Makanikin da ya yi aikin ya aiko mini da allon, wai ya tsince shi a kujerar gaba. Na yi niyyar ƙona shi. Yana cikin but ɗin mota, a ƙarƙashin tayar safaya, a kife.

Mutane suna tsammanin tsoro ne ya sa na rage magana. Tsoron yana nan, ba na musu. Ba na ɗaukar fasinja a kujerar gaba, kuma in mota ta yi shiru da yawa sai na duba bel. Amma ba shi ke hana ni barci ba.

Na yi wa Inna jinya har ta koma ga Mahaliccinta. Na yi wa Yaya direba har ya ƙwace motarsa. A duk tsawon shekarun nan, sau ɗaya aka dube ni aka ce sannu da ƙoƙari, kuma na san wanda ya faɗa.

Ban goge manhajar ba. Kullum jim kaɗan bayan magariba takan yi ƙara, jirgin ya sauka. In hadari ya haɗo a irin wannan lokaci, nakan tsinci kaina a wurin ajiye motoci, na buɗe but, hannuna a kan allon.

Zuwa yanzu dai ban juya shi ba.